Gwanin Haɗa Kan Yara a Filin Ƙwallon Ƙauye

Tara yara a fili ba wuya. A ƙauyukan ƙaramar hukumar Mai Yara, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, da an idar da la'asar rana ta yi sanyi, jefa ƙwallo ɗaya kan fako ya isa: kafin ta daina gangarawa yara ashirin sun kewaye ta. Abin da ke da wuya shi ne a mai da ashirin ɗin nan mutanen juna. Yaro ya samu ƙwallo a bakin raga, ya ɗaga kai ya ga wani ya fi shi kyan wuri, ya miƙa masa. Wani ya ɓarar da ci, a kama hannunsa a tashe shi maimakon a bi shi da zagi. Ɗaya bai zo ba, a aika gidansu a ji ko lafiya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke zuwa haka kawai. Akwai mai yin aikin, kuma aikin gwaninta ne da ya isa a tsaya a duba yadda ake yin sa.

Mai wannan aiki a karkara ba kasafai yake da takardar koyar da wasa ba. Wani malamin lakwal ne da aka turo garin, wani tela ne, wani tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta zaunar, wani kuwa babba ne a fadar samari da ake jin maganarsa. Yara su ce masa koci, ko Malam, ko Yaya kawai. Ba shi da albashi, sau da yawa ma daga aljihunsa kuɗin facin ƙwallo ke fita. Mutanen gari kan auna shi da yawan wasan da ya ci. Ni kam da wani abu nake auna shi: in ya yi tafiya ta mako guda, yaran nan za su taru su yi wasa su watse lafiya ko kuwa?

Dalili shi ne yaro ba ya zuwa fili shi kaɗai, da gidansu yake zuwa. Ƙasar Dakoro mahaɗa ce ta noma da kiwo. Tun 1961 doka ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa, kuma a wannan yanki kwarin Tarka ake dubawa a matsayin iyakar. Kudu da shi manoman hatsi da dawa da wake, arewa makiyaya Fulani da Buzaye, amma dole dabbobi su gangaro bayan kaka su koma da damina, ta burtalin da gonaki ke ci a hankali. Kowace shekara sai an yi ɓarna, sai an kai ƙara gaban mai gari. Mutanen jihar Maradi ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 aka kashe Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara. Ɗan shekara 12 bai san wannan tarihi ba, amma ya ji irin muryar da ake ambaton waɗancan da ita a gidansu. A cikin garin kansa ma akwai rabe-rabe: ɗan lakwal da almajiri, ɗan mai gari da ɗan wanda ke ƙwadago a gonarsa, unguwar gabas da ta yamma, ga kuma ƴan uba da suka sha kishin iyayensu mata tun a nono. Duk waɗannan suna tsaye a fili ɗaya, ƙafa ba takalmi, suna jiran a raba gida.

A nan gwaninta ke farawa, wajen rabon gida. In aka bar yara, manyan biyu ne za su tsaya su riƙa zaɓe, wannan ya ɗauki abokinsa, wancan ya ɗauki ɗan unguwarsu, har a zo kan yaro ɗaya da ba wanda ya kira, a ce masa ya je ya tsaya a raga. Kullum shi ne, kuma kullum ya sani. Gwani ba ya yarda da wannan. Shi ke rabawa da kansa, kuma rabon yau dabam da na jiya. Aminan da ba sa ba kowa ƙwallo sai junansu ya raba su. Biyun da ba sa ga maciji ya sa su inda dole su nemi juna, ɗaya a raga ɗaya a gabansa yana tsaron baya, domin mai tsaron gida da ɗan bayan da ba sa magana sai sun sha ci, kuma kunyar ta kowa da kowa ce. Ba ya gaya musu dalili. Yana kuma rage yawan ƴan wasa, huɗu da huɗu a ɗan ƙaramin wuri, saboda a wasan mutum goma sha ɗaya ƙaramin yaro na iya wuni bai taɓa ƙwallo ba. Wani lokaci ya kafa doka: ba ci sai kowa a gidan ya taɓa. Wani lokaci ya ce ba a miƙa ƙwallo sai an kira sunan wanda za a ba. Wanda bai san kan abin ba zai ɗauka wasa ne. Amma yaron da ya yi wata yana cewa "kai ɗan Fulani" ko "kai almajiri" ya koma kiran mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa, an riga an samu wani abu.

Mu kuwa muna da tsohon malami a wannan fanni tun kafin ƙwallon Turawa ta iso, wato langa. Duk wanda ya tashi a karkarar Hausa ya san ta: kowa ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar, in ka saki ko ka faɗi ka mutu. Kowane gida yana da ruwansa, yaro ɗaya da ake so ya ratsa abokan hamayya ya kai wurin sha, sauran kuwa aikinsu su kare shi, su bangaje duk mai son kayar da shi. Ka duba tsarin wasan nan da kyau. Ƙarfinka ba ya amfana maka komai in ruwanka ya faɗi. Mafi ƙarfi a gida ba shi ke cin wasa ba, hidima yake wa wani. Gwanin da ya san abin da yake yi yakan ajiye ƙwallo wata rana ya ce yau langa za a yi, sannan ya nuna mafi ƙanƙanta, wanda kullum ake turawa raga, ya ce shi ne ruwa. Sai ka ga ƙaton da ke cika baki ya tsaya gaban yaron nan yana haki, yana karɓar bangaza dominsa, yana ce masa "biyo bayana, kada ka saki ƙafa". In ruwa ya sha, ihun na kowa ne, kuma yaron da aka ɗaga sama ranar ba zai koma yadda yake a idonsu ba. Ban san wani atisaye da aka ƙirƙiro a makarantun horar da ƴan wasa da ya fi wannan kaiwa ga zuciyar yara ba.

Masana sun daɗe da gano abin da ke ƙarƙashin wannan. A 1954 wani masanin halayyar jama'a ɗan asalin Turkiyya, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu, ya haɗa su gasa. Cikin ƴan kwanaki suka fara ƙona tutar juna da kai wa ɗakunan juna hari. Da aka so sulhu, aka tara su cin abinci wuri ɗaya, sai suka riƙa jifan juna da abincin. Abin da ya yi magani shi ne matsalar da ta shafi kowa kuma gida ɗaya ba ya iya ta: ruwan sansanin ya yanke sai da suka taru suka gyara, motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi sai da suka haɗu suka ja ta da igiya. Ranar komawa gida su da kansu suka nemi a sa su mota ɗaya. Darasin a fili yake. Gasa kaɗai tana iya ƙara gaba, zama wuri ɗaya ma bai isa ba, sai an samu aikin da kowa ke bukatar kowa.

Shi ya sa gwanin ƙauye ba ya raina aikin da ba na ƙwallo ba. Share fili daga ƙaya da ƙarangiya, saro itacen da za a kafa raga, ja layi da toka, duk tare ake yi, kuma shi ma yana ciki da fartanyarsa. In ana son rigunan wasa, maimakon a je roƙon ɗan siyasa, sai a karɓi noman gonar wani ko ɗaukar amfanin gona a biya su, kuɗin ya shiga asusu. Wannan gayya ce, irin wadda samarin Hausa suka sani tun kaka da kakanni, wadda kuma ƙungiyoyin Samariya suka yi amfani da ita wajen gina azuzuwa da gyaran gari a zamanin mulkin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987. Rigar da yaro ya yi gumi a kanta tare da ƴan'uwansa ba ta zama daidai da wadda aka raba masa ranar kamfe.

Batun kuɗi kuwa da dabara ake bi da shi. In aka ce kowa ya kawo dala ashirin, akwai gidan da ba za ta fito ba, yaron kuma ba zai faɗa ba, sai dai a daina ganinsa. Gwani ya san gidajen. Sai ya ce wane shi ke kawo ruwan sha, wane shi ke kula da famfon hura ƙwallo, ya lissafa wannan a matsayin kasonsu tun kafin a fara karɓa, ba tare da kowa ya ji an yi wa wani alfarma ba. Ƙwallon ma ba ya bari ta zama ta mutum ɗaya, don mai ƙwallo sarki ne: in aka ɓata masa rai ya ɗauki abarsa wasa ya tashi. Ta zama ta ƙungiya, kuma ta riƙa kwana gida-gida. Ranar da aka danƙa wa almajiri ita ya tafi da ita makarantar allo ya dawo da ita washegari, shi da sauran duk sun fahimci abin da aka faɗa ba da baki ba.

Sai abinci. Ranar da aka je wasa wani ƙauye, a ƙafa ko a amalanke, kowa kan zo da ɗan abin da ya samu, wani fura, wani ƙuli-ƙuli, wani ba komai. Gwani yakan karɓe duka ya haɗa, a dama a ƙwarya ɗaya, ludayi ya zagaya. Ba a san na wa aka sha ba. Ko kokawa, wadda mutum ɗaya ke shiga da'ira ya fuskanci mutum ɗaya, a ƙungiyance ake zuwa gasar takobinta: kowace jiha cikin jihohin Nijar takwas na tura ƴan kokawa 10, su yi zaman shiri tare, su ci tare, su kwana tare. Tun 1975 da aka fara gasar a Tahoua, inda Yacouba Ango Kantou na Maradi ya ɗauki takobin farko, in ɗan jiha ya yi kaye, jihar ce ake cewa ta yi.

Inda aka fi gane gwani shi ne wajen harshe. Yara ba sa zama ba zolaya, kuma hana su zolaya kashe wasan ne. Nijar ma ƙasa ce da ta mai da zolaya hanyar zaman lafiya: Bakatsine da Bagobiri, Bafillace da Babarbare, Buzu da Bazabarme, kowa na da wanda zai yi wa tsiya ba a yi fushi ba, har hukumar UNESCO ta sa wannan taubasantaka cikin gadon al'adun duniya a 2014. Gwani yana buɗe wannan ƙofa, ya bar ta ta yi aikinta, shi ma a taɓa shi ya yi dariya. Amma yana da kunnen da ke rarrabe zolaya da gori. Ba a ambaton uwa. Ba a taɓa talaucin gida, ko naƙasa, ko asali, ko sana'ar da aka gada, a ce wa yaro ɗan mahauta ko ɗan maƙera da nufin ƙasƙanci. Wanda ya ƙetare wannan layi zai zauna a gefe ko da shi ne mai cin ƙwallo, ko da ranar gasa ce. Sau ɗaya ake yin haka yara su gane da gaske ake.

In kuwa faɗa ya kaure, wanda dole wata rana ya kaure, ba ya yin shari'a a gaban taro, don yaro ya gwammace ya rasa wasa da ya ba da haƙuri ana kallonsa. Yakan raba su, ya bar zuciya ta huce, a yi magariba, sannan ya kira kowanne shi kaɗai. "Ƙanena, zo nan. Me ya haɗa ka da ɗan'uwanka?" Ya saurara har ƙarshe. Washegari ya aike su tare, su biyu, ɗauko wani abu daga nesa. Abin da za su faɗa wa juna a hanya ba ruwansa.

Mafi wuyar sha'ani shi ne yaro mai baiwa. Kowane gari yana da shi: wanda ƙwallo ke bin ƙafarsa, wanda ƴan kallo ke kiran sunansa, wanda ya riga ya ji a ransa cewa sauran ƴan rakiya ne. In ka danne shi ka kashe baiwar, in ka sake masa ka kashe ƙungiyar. Abin da gwanaye ke yi shi ne su ɗora masa nauyi. A ba shi ƙananan yara biyu ya koya musu. A riƙa yaba masa kan ƙwallon da ya bayar aka ci fiye da wadda ya ci da kansa. In ya ci, a koya masa ya fara rugawa wurin wanda ya miƙo masa. Kyaftin kuwa ba lalle ya zama shi ba. Wanda yara ke kai wa kuka shi ya fi cancanta. Kuma akwai abin da za a ba su misali da shi daga gida. A watan Oktoba na 2010 Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi a Yamai, alhali Masar ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Moussa Maazou ne ya ci, amma mutum goma sha ɗaya ne suka hana a rama. Daga nan Nijar ta samu zuwa gasar Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinta, aka kuma zaɓi mai horar da ita Harouna Doula gwarzon kocin Afirka na 2011. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 suka je gasar duniya a Indiya, suka doke Koriya ta Arewa, suka fito daga rukunin da ke da Brazil da Sifen. In da sunan ɗan wasa ɗaya-ɗaya ake cin wasa, babu ɗayan waɗannan da zai faru.

Akwai kuma iyaye, waɗanda in ba su yarda ba babu ƙungiya. Uban da ke bukatar ɗansa a gona ko bayan awaki ba maƙiyin wasa ba ne, yana da gaskiyarsa. Gwani yakan je har gida, ya durƙusa ya gaida shi. "Baba, roƙo na zo yi. In ya gama aikin da ka sa shi, a ba mu aronsa zuwa magariba." Lokacin shuka da noman farko ya sassauta wasa, in an kira salla a tsaya. Yaron da aka san yana fashin makaranta, ta boko ko ta allo, ba ya buga wasa. Da haka uba ke ganin mai horarwar nan abokin tarbiyya ne.

Sannan ga ci-rani. Da an kai amfanin gona rumbu, manyan yaran sun fara kama hanya: Maradi, Kano, Agadas, wasu har Libiya, wasu wuraren haƙar zinariya irin na Djado da aka fara rububinsa a 2014. Ƙungiyar da aka sha wahalar ginawa takan rushe kowace shekara. Kocin birni bai san wannan ciwo ba. Maganin da na ƙauye ya samo shi ne ya haɗa kowane babba da ƙarami tun da wuri, wa da ƙane, babban ya koya wa ƙaramin wurin tsayuwarsa da ladabin fili, ta yadda in ya tafi akwai wanda ya gaji gurbinsa da halinsa. Waɗanda suka tafi kuma ba a yanke su. Ana aika musu sakamakon wasa ta saƙon murya a WhatsApp, su ma wani ya aiko ƙwallo, wani takalmi. Saurayin da ke baƙunta a wata ƙasa, in ya san akwai mutum goma sha biyar da ke tambayar yaushe zai dawo, wannan ba ƙaramin abu ba ne a rayuwarsa.

Kada dai a ɗora wa ƙwallo abin da ba ta iya ɗauka. A 2020 wata mai bincike, Salma Mousa, ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi a arewacin Iraƙi, inda aka saka Musulmi uku-uku cikin wasu ƙungiyoyin Kiristocin da yaƙin ISIS ya raba da gidajensu. Waɗanda suka yi wasa da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su, sun fi yarda su sake shiga ƙungiya ɗaya da su. Amma wannan sauyi bai kai ga Musulmin da ba su sani ba a wajen fili. Zumuncin fili yana iya tsayawa a fili. Gwanayenmu, ko ba su ji labarin wannan bincike ba, sun san haka, shi ya sa suke fitar da ƙungiya daga fili su kai ta gidaje. Mahaifiyar ɗaya ba lafiya, a je dubiya gaba ɗaya. An yi haihuwa a rugar su wane, a je suna, a zauna a sha nono. An yi rasuwa, a je gaisuwa. Zumunta a ƙafa take, kuma uwar da ta ga yara goma sha biyar sun yi sallama a ƙofarta saboda ɗanta, za ta canza yadda take ambaton iyayensu.

Abu biyu ke damuna. Na farko, kusan duk abin da na faɗa na yara maza ne. Ƴan mata suna da gaɗa da wasannin dandali, amma da wuya a ga wanda ya tsaya musu da irin wannan kulawa, kuma malamai mata na lakwal su ne suka fi kusa da iya farawa in an ba su ƙwallo da goyon baya. Na biyu shi ne fili. Jama'a na ƙaruwa, gonaki da gidaje na matsowa, fakon da ake wasa a kai yau gobe sai a tarar an kafa masa turaku. Maradi ta ga manyan wasanni a watan Fabrairu na 2019, lokacin da ita da Yamai suka karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, amma yaron Mai Yara ba babban filin wasa yake bukata ba. Masu gari da hukumomin ƙaramar hukuma suna iya ware fili ɗaya a kowane ƙauye, a rubuta shi, a shaida wa kowa cewa ba na sayarwa ba ne. In kuma an tashi taron sasanta manoma da makiyaya kafin kaka, a kira mai horar da yaran garin ya zauna cikin dattawa, domin ya san ƴaƴan ɓangarorin biyu da sunayensu, ya kuma san gidajensu.